Gishirin Amadror da geron Damargu: a ɗaura buri kafin a ɗaura kaya

 Wannan ita ce hirar tarihi da muka gabatar a rediyo. Mun buga ta saboda waɗanda ba su samu ji ba, da waɗanda suka ji suka ce a rubuta musu su ajiye.

Bari mu fara da tambaya. Ranar da ka bar gida, nawa ka ce za ka samo, kuma yaushe ka ce za ka koma? Da yawanmu in an yi mana wannan tambaya sai mu ce, ai na fito nema ne, abin da Allah ya ba ni shi ke nan. Gaskiya ne, arziki na Allah ne. To amma mutanen da suka riga mu bin wannan hanya su ma sun san haka, duk da haka ba sa ɗaura wa raƙumi kaya sai sun san abin da za su je nema, da yawansa, da watan da za su dawo da shi. Labarinsu za mu ba ka yau.

Garin bukkoki ashirin

Wanda ya ga Tamanrasat ta yau, da kwalta da filin jirgi da jami'a, da wuya ya yarda cewa a 1905 ƙauye ne na bukkoki kamar ashirin a bakin busasshen kwari. A shekarar ne wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld ya zo ya zauna a wurin, kuma a nan aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916. Ƙasar kuwa ta Abzinawan duwatsun Hoggar ce, waɗanda ake kira Kel Ahaggar. Faransawa sun ci su da yaƙi a Tit a 1902, daga baya shugabansu Musa ag Amastan ya yi sulhu da su, ya riƙe sarauta har rasuwarsa a 1920.

Ƙasar Hoggar ta duwatsu ce, garin Tamanrasat kansa yana bisa tudu mai tsayin mita wajen 1,400. Ruwan sama kaɗan ne, wata shekara ma ba ya zuwa. Akwai 'yan lambuna a cikin kwaruruka inda ake noma alkama da ɗan gero, amma abin da ake samu ba ya ciyar da jama'a shekara. Nonon akuya da na taguwa kuwa sai in an samu ciyawa. Saboda haka kowane maigida yana da matsala guda da ke dawo masa duk shekara: ina zai samo hatsin da iyali za su ci?

Abin da Allah ya ba su shi ne gishiri. A arewa da duwatsun akwai wani faffaɗan fili da ake kira Amadror, inda ake sare gishiri daga ƙasa falle-falle. Can kudu kuma, a Damargu, ƙasar Tanut ke nan, akwai gero, akwai kuma makiyaya da manoma masu buƙatar gishiri don kansu da dabbobinsu. Damargu dama rumbun mutanen hamada ce tun da daɗewa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, cikin ayarin gishirin Abzinawan Kel Ewey ya sauko daga Abzin ya iso Damargu a farkon 1851, kafin ya wuce Kano. Wancan gishirin Bilma ne. Na Amadror ya biyo baya, ya yi ƙarfi sosai a zamanin Faransawa, har ya zama shi ne ginshiƙin rayuwar Kel Ahaggar.

Yadda tafiyar take

Aikin yakan ci mafi yawan shekara. Da farko maza su tafi Amadror su sare gishiri, su ɗauro shi zuwa gida. Sannan ayari ya nufi kudu. A Tamesna, arewa maso yammacin Agadas, akan yada zango raƙuma su ci ciyawar damina su yi ƙarfi. Daga nan sai a auna tafiya yadda za a shiga Damargu da kaka, lokacin da aka girbe gero, rumbuna suka cika. A yi musaya, ba ni gishiri in ba ka manda, sai dai a nan gero ne mandar. In an gama, a juya akala arewa cikin sanyin hunturu, a isa gida kafin zafi ya tsananta.

Farashi ba ya tsayawa wuri guda. Shekarar da damina ta yi kyau, kayan gishiri ɗaya yakan sayi kayan gero da yawa. Shekarar da aka yi fari, manomi ya riƙe hatsinsa, gishiri ya faɗi. Wannan ba ya hannun mai ayari. Abin da ke hannunsa abu uku ne, kuma su ne zuciyar wannan hira.

Na farko, adadi. Mutumin Hoggar bai fito don ya yi arziki haka kawai ba. Ya fito don geron da zai kai gidansa har ayari na gaba ya dawo. Ya san bakunan da ke gidansa, ya san abin da suke ci, saboda haka ya san kaya nawa yake nema. Da wannan lissafi yake sanin yawan gishirin da zai sara da yawan raƙuman da zai kora. Burin da ke da adadi, mai shi yakan san ranar da ya cim masa, yakan kuma san ranar da ya gaza.

Na biyu, lokaci. In ka iso Damargu kafin girbi, ba gero, sai ka zauna kana cin guzurinka. In ka makara, wasu sun riga ka, farashi ya tashi. In ka yi jinkirin juyawa, zafi ya same ka a tsakiyar hamada da raƙuma masu nauyin kaya, iyali kuma suna can tukunya ta bushe. Ranar komawa tana cikin shirin tun kafin a tashi. Hausawa suka ce tun ran gini, ran zane.

Na uku, rabo. Geron gida daban, raƙuma daban. Raƙumi shi ne uwar kuɗi. Wanda ya ɗora wa amalensa kayan da ya fi ƙarfinsa don kwaɗayin ƙarin gero, bana ya ci riba, baɗi ba shi da abin tafiya. Wanda kuma ya sayar da geron iyali don ya ƙara raƙumi, ya yi garke ya bar yara da yunwa. Buri biyu ne ke tafiya tare, na gida da na sana'a, kuma mai hankali ba ya barin ɗaya ya cinye ɗaya.

Haka abin yake a ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro. Madugu ne ke tsara zango-zango da biyan fito da kuɗin hanya, jagaba yana gaba yana duba hanya. Kowa ya san aikinsa, kowa ya san kayansa, kuma ana tashi da rani a kan lissafin damina. Ba a shiga ayari da "bari mu je mu gani".

Ranar da hanya ta mutu

To, ai babu hanyar da ke dawwama. Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, Aljeriya a 1962. Filin da raƙumi ke ratsawa ba tambaya ya zama iyakar ƙasashe biyu, da duwan da takardu. Manyan motoci suka fara ɗaukar abin da raƙumi ke ɗauka, gishiri mai araha ya shigo kasuwannin kudu. Tun cikin shekarun 1960 ayarin Amadror ya fara ja da baya, babban farin 1973 ya zo ya kashe dabbobi, ya kuma hana Damargu rarar geron da za ta sayar.

Me mutanen Hoggar suka yi? Bakunan gida ba su ragu ba, saboda haka burin yana nan, hanyar kai wa gare shi ce ta canza. Wasu sun shiga aikin lada a In Ekker, arewa da Tamanrasat, inda Faransa ta yi gwajin bama-baman nukiliya a ƙarƙashin dutse daga 1961 zuwa 1966, aikin da ya bar wa yankin guba da ciwo. Wasu sun shiga aikin hanya da gine-gine, wasu suka zama direbobi, wasu masu yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido jagora a cikin duwatsu. Sanin hanya da rijiyoyi da suka gada daga ayari shi ya zama jarinsu a sabon aiki. Garin ma ya canza: ya zama babban birnin jiha a 1974, kwalta daga arewa ta iso shi a ƙarshen shekarun 1970, ƙidayar 2008 ta samu mutum sama da 90,000, a 2011 kuma aka jawo masa ruwa ta bututu daga In Salah, tafiyar kilomita wajen 750.

In ka bi wannan hanya kudu, ka wuce Agadas da Damagaram, Kano za ka faɗa. A can ma an yi mutumin da hanya ta canza a gabansa, wato Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa fatake. Ya tashi a fataucin goro na Gwanja. Da ya ga jirgin ruwa ya fi jaki sauri, sai ya shiga cikin na farko da suka riƙa ɗauko goro ta teku zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya juya can, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, an ce raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a 1955 yana cikin mafi arzikin mutanen Afirka ta Yamma. Abin lura a nan, bai ɗaure kansa da jaki ko da goro ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Fataken da suka ce su dai hanyar kakanninsu za su bi ko ta halin ƙaƙa, jirgi ya wuce ya bar su a zango.

Hanyarmu ta yau

Musayar da ayari ya bari ba ta mutu ba, riga ta sake. Aljeriya tana da dokar cinikin musaya tsakanin jihohinta na kudu da Nijar da Mali, wadda aka tsara a 1994 aka sabunta a 2020. Dokar ta jera kayan da aka yarda a fitar, irin su busasshen dabino da gishiri da barguna da kayan roba, da waɗanda aka yarda a shigo da su, irin su dabbobi da lalle da kayan yaji. Akwai kuma babbar kasuwar baje koli ta Assihar a Tamanrasat, inda 'yan kasuwar ƙasashen uku ke haɗuwa. Daga Tamanrasat zuwa In Gezam kilomita wajen 400 ne, ka tsallaka Asamaka, ka yi wajen 200 zuwa Arlit. Abin da raƙumi ke yi a makonni, mota tana yi a kwanaki.

Amma sauri ya zo da nasa haɗari: mutum yana iya tashi ba shiri, don tashin ya yi sauƙi. Kuma abubuwan da ba sa hannunmu sun ƙaru. Ka tuna 1984, ga fari, ga Najeriya ta rufe iyakokinta ta canza kuɗi, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Ba a buɗe ba sai 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, wanda ya tara takarda ya wayi gari rabin ƙarfinta a waje ya tafi. A Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa na watanni. Dinari da sefa da naira kowanne yana hawa yana sauka. Shi ya sa lissafin mutumin Hoggar har yau ya fi namu tsayuwa, don shi da gero yake auna burinsa, tiyar gero kuwa ba gwamnatin da ke karya darajarta a cikin tukunya.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. Talauci ne ya fito da su, ba wanda zai zarge su. Amma tsohon madugu ba zai taɓa yarda a shiga wannan fili ba tare da lissafin ruwa da na rijiya ta gaba ba. Haka kuma duk wanda ke bin wannan hanya ya san labarin waɗanda ake kwasowa daga garuruwan Aljeriya a sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita wajen 15 zuwa Asamaka. Da yawa sun yi shekaru suna aikin gini ko lambu, kuɗinsu yana hannun mai aiki ko cikin katifa, aka kama su da rigar da ke jikinsu. Wanda yake aika abin da ya samu gida wata-wata, ana mayar masa da shi akuya ko hatsi, an kama jikinsa, guminsa kuwa ya riga ya isa gida.

Abin da za ka ɗaura

To ɗan'uwa, ga yadda za ka ɗauki lissafin ayari ka sa a naka aiki, ko kai mai kiwo ne, ko ɗan kasuwa, ko yaron mota, ko lebura.

Fara da gida. A ce misali ku goma ne, kuna cin tiya 2 a rana. A shekara tiya 730 ke nan. In buhu yana ɗaukar tiya 40, kana neman buhu 18 da 'yan kai. Cire abin da gonarka ta ba ka, abin da ya rage shi ne burinka na farko. Ƙara kuɗin magani da na makarantar yara da na salla. Wannan lissafi ka yi shi da uwargida, don ita ta san abin da tukunya ke ci, ta fi ka sani nesa ba kusa ba.

Sannan burin sana'a, shi ma da adadi. "Ina so in ci gaba" ba ya auno komai. Ka ce: kafin Babbar Salla zan turke raguna 4. Ko: bana zan daina ɗaukar kayan bashi, in riƙa sayen dabino da kuɗina. Ko: cikin shekara 2 zan tashi daga yaron mota in samu lasisin tuƙi. Ko: zan yi takarduna su cika kafin in sake tsallaka iyaka. Ɗaya ko biyu sun isa. Raƙumin da aka ɗora wa kayan raƙuma uku ba ya tashi.

Sa wa kowanne rana. Mai kiwo ya san dabba tana da daraja bayan damina, tana da ƙiba, hatsi kuma yana da araha da kaka. A lokacin ne sayar da rago ɗaya ke cika buhu. Wanda ya jira har bazara, dabba ta rame, gero ya yi tsada, sai ya sayar da uku ya sayi abin da ɗaya zai saya masa. A farin 1973 da na 1984 makiyaya da yawa sun riƙe garke suna jiran ruwa har dabbobin suka mutu a hannunsu. Ka yanke tun yanzu: in wata kaza ya kama ciyawa ba ta fito ba, zan rage kaza in sayi hatsi da dusa. Shawarar da aka yanke da sanyin safiya ta fi wadda aka yanke rana tsaka.

Raba aljihu biyu. Uwar kuɗi ba ta zuwa biki, ba ta sayen waya sabuwa. In za ka ci, ci daga riba. In riƙe kuɗi yana yi maka wuya, shiga adashi da mutanen da ka yarda da su, ko ka mayar da shi dabba a hannun ɗan'uwa amintacce.

Ka faɗa wa wani. Ɗan ayari ba ya iya ɓoye lissafinsa, don kowa yana ganin kayansa. Kai ma ka samu mutum ɗaya, mahaifi ko aboki ko maigidanka na kasuwa, ka gaya masa adadin da ranar. In ba ka iya boko ba, rubuta da ajami, ko ka ɗauki muryarka a waya ka ajiye. Duk ƙarshen wata ka zauna kamar yadda ayari ke yada zango, ka duba: ina na kai, me ya rage, kayan nan yana tafiya ko in canza?

Na ƙarshe, in adadin ya cika, juya akala. Nan ne da yawa ke faɗuwa. Mutum ya zo Tamanrasat don kuɗin aure ko na shanun noma, ya samu, sai ya ce bari in ƙara wata shida. Wata shida ya zama shekara shida, gona ta koma hannun wani, yara suka girma ba su san fuskarsa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In kana da dalilin ƙara zama, to sa sabon adadi da sabuwar rana, ka sanar da gida. Mutanen Hoggar ba a ƙofar Damargu suke cewa tafiya ta yi kyau ba, sai ranar da aka sauke taiki a ƙofar tanti, mata suka auna gero, aka ƙirga raƙuma aka ga sun cika.

Daren yau, kafin ka kwanta, ɗauki tsinke ka zana a ƙasa: buhu nawa, dabba nawa, wane wata. In kana da labarin kakanka da ya bi ayari, ko naka lissafin da ya yi maka amfani, aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a abin da muka samo.